Goma Bisa Goman Mubina

Assalamu alaikum 'yan uwa. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri. Kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce min yadda ya kamata, kuma a gidanmu babu wanda zan iya buɗe wa cikina. Ku da ba ku san fuskata ba, ku zan faɗa wa.

Sunana Muhsina, shekarata ashirin da shida. A Kura muke, unguwarmu tana bakin kanal, in kin tsaya a ƙofar gidanmu gonakin shinkafa za ki yi ta gani har inda idonki ya tsaya. Na gama NCE shekara uku da suka wuce, aiki bai samu ba, sai na buɗe lesin a rumfar tsakar gidanmu. Yara ashirin da uku gare ni, 'yan aji biyu zuwa aji huɗu. Ƙarfe biyu suke zuwa bayan an tashi firamare, da an kira la'asar su sa hijabai da huluna su wuce Islamiyya.

Babana shi ne Malam Sammani, tsohon hedimasta. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da alli, har yau in ya bi ta kasuwa dattawa masu furfura suna durƙusa masa suna cewa "Malam". Mutum ne mai sauƙi a kan komai, ban da abu biyu: ƙarya da jahilci.

Rigimarmu da shi a kan aikin gida ta fara. Da can a takarda nake ba yara. In rubuta, in kai bakin tasha a yi min fotokwafi ranar da aka samu wuta, in raba. Washegari wannan ya ce akuya ta cinye, wannan ta kawo tata da maiƙon ƙosai, wannan ya ce ƙaninsa ya jefa a kanal. Sai wata ƙawata da muka yi makaranta tare ta nuna min wata manhaja. Tura aikin kawai za ki yi zuwa wayar iyaye. Yaro ya buɗe, ya ga hoto da kalma, in ya taɓa kalmar wayar ta karanta masa da baki, ya zaɓi amsa, makin ya shigo wayata ina zaune. Wallahi ji na yi kamar an sauke min buhu daga ka.

Ranar da na nuna wa Baba, ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min wayar.

"Da yatsa ɗaya ake dangwala wannan, Muhsina. Rubutu kuwa hannu yake so gaba ɗaya, da ido, da zama."

"Baba, zamani ne ya zo da shi. Yara sun fi son sa."

"Sun fi son alewa ma."

Na yi dariya, amma raina ya sosu. Tun ina ƙarama nake son in yi abu ɗaya da Baba zai ce na fi shi sani a kai. Na ƙudurta a raina wannan ne abin.

Sai Allah ya kawo min Mubina.

Shekararta takwas, siririya, ba ta magana sai an tambaye ta. Babanta ya rasu, mamanta Yaya Kubra tana sana'ar turara shinkafa, ita kuma ƙaramar waya mai maɓalli ce da ita. Da na ce ina buƙatar lambar babbar waya, sai ta ba ni ta ƙaninta da suke gida ɗaya, kawun Mubina ke nan. Badamasi.

Makon farko Mubina ta ci huɗu bisa goma. Na biyu shida. Daga wata na biyu kuwa ba ta ƙara saukowa ba, kullum goma bisa goma. Ta wuce karatun haruffa, ta wuce haɗa baƙi da wasali, ta shiga gajerun jimloli. Duk iyayen da suka yi min ƙorafin data, makin Mubina nake nuna musu. Duk ranar da Baba ya tayar da zancen takarda, wayar nake miƙa masa in ce, "Ga marainiyar nan ta gidan Kubra, Baba. Wata huɗu."

Sai ya ce, "To, Allah ya ƙara basira," ya ci gaba da jan carbinsa.

Kawun nata kuwa, da saƙon godiya ya fara. Saƙon murya, ana jin ƙarar inji a bayansa, don shi ne yake kula da wani injin casar shinkafa a hanyar Bunkure. "Malama, mun ga aiki, Allah ya saka da alheri." Daga godiya aka koma gaisuwa, daga gaisuwa ya fara zuwa ɗaukar Mubina a babur, alhali gidansu ko minti goma ba a yi a ƙafa. Kun dai san sauran. Dogo ne, baƙi, ba shi da hayaniya, in yana magana ƙasa yake kallo. Koyaushe da 'yar ƙurar dusa a gashin girarsa, komai wankan da ya yi. Mutanen injin sun ce buhu ɗari in suka shigo, a ka yake riƙe da na kowa, bai taɓa haɗa na wani da na wani ba.

Ban taɓa damuwa ba da cewa saƙonninsa duk na murya ne. Na ɗauka hannunsa ne ba ya zama. Ni ma na fi son jin muryar, gaskiya. Sai wata biyu da suka wuce ya fara haɗawa da ɗan rubutu, kalma biyu, uku. "Ina yini Malama." "Na iso." Har na tsokane shi na ce rowar rubutu gare shi, ya yi murmushi kawai.

Yanzu ku zo ku ji halin da gidanmu yake ciki. Ni ce 'yar fari, shi ya sa Umma ba ta kama sunana, "Yayarsu" take ce min. Ƙanwata Zuliha da na girma da shekara huɗu tana gidan miji a Madobi da ɗanta a baya. Duk bikin sunan da Umma ta je, da jan ido take dawowa. Bara wani dillalin tumatir na Kwanar Gafan ya fito, mai rufin asiri, Umma har ta fara duba kwanuka. Baba ya zauna da shi minti goma sha biyar a zaure, ya shigo ya ce, "Ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ban kai 'yata makaranta shekara goma sha biyar don in miƙa wa wanda za ta riƙa karanta wa takardar asibiti ba." Umma ta yi sati ba ta cin tuwon dare.

Saboda haka da zancen Badamasi ya yi ƙarfi, tambayar da Baba ya fara yi min ke nan.

"Ina ya tsaya a karatu?"

Ni kuma abin da Badamasi ya taɓa ce min shi ne, "A Bunkure na yi makaranta." Ban tambayi wace ba. Ban tambayi aji nawa ba. Ina jin wani ɓangare na zuciyata ne bai so ya tambaya ba.

"Ya gama sakandare, Baba, a Bunkure."

"To madalla. In an gama yankan shinkafa ya turo manyansa."

Umma ta yi sujada a tsakar gida ranar. Tun daga nan kullum sai ta leƙa gonakin bakin kanal ta dawo ta ce, "Yayarsu, shinkafar ta fara ja fa." Yanzu haka an yanke rabi.

Ran Lahadi ruwan farko ya sauka da wata iska mai ƙarfi, ta kwashe rufin kwano a unguwarmu, ta kayar da turakun wuta. Babu wuta, babu sabis. Litinin na tashi na rasa yadda zan yi da yara. Baba yana ganin haka sai ya miƙe da wani karsashi da na daɗe ban gani ba. Ya jawo tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da fararen takardu da kwalin fensir. Tun hantsi yana zaune a kan tabarma yana rubutu, takarda ashirin da uku, kowace da hannunsa, da wannan rubutun nasa mai kwanciya gefe kamar shinkafar da iska ta bi ta kai. Tambaya biyar-biyar. Rubuta sunanka. Cike gurbin harafi. Karanta jimla ka amsa.

"Yau a nan za su yi, a gabanmu," in ji shi. Ya sa aka kawo masa kujerarsa bakin rumfa.

Ni ko a jikina. Har da ce masa, "Ka sa ido a kan Mubina, Baba, minti biyar ya ishe ta."

Yara suka duƙufa, ba ka jin komai sai ƙarar fensir da ɗigar ruwa daga indararo. Na fara zagayawa. Da na zo kan Mubina sai na ga ta kifa hannu a kan takardar. Na ɗaga hannun a hankali.

Harafi uku ne a takardar. M, U, sai B da ta juya baya. Shi ke nan.

"Mubina, karanta min layin farko," na ce ƙasa-ƙasa.

Ta kalli layin, ta kalle ni. Leɓenta na motsi, babu abin da yake fita. Sai hawaye ya ɗigo a kan takardar.

Na nuna mata kalmar "gida". Kalmar da ta ci a waya ta fi sau ashirin. Ta girgiza kai.

'Yan uwa, ku ji fa. Wata huɗu yarinyar nan tana gabana. In muna karatu tare murya ɗaya, bakinta yana motsi da na kowa, ni kuma tunda na riga na ga goma a waya ban taɓa tsayar da ita ita kaɗai ba. Waɗanda suke cin uku da huɗu nake bi. Ita na sa ta a layin waɗanda suka wuce.

Na ji Baba ya gyara murya. Ban san lokacin da na ninke takardar na tura cikin hijabina ba.

"Ina ta gwanar taki?" ya tambaya da aka fara tattarawa.

"Kanta ne yake ciwo, Baba. Na ce ta bari sai gobe."

Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ido da ido ba sai ranar. Ta sakandaren nan ma, a lokacin da na faɗa na ɗauka gaskiya ce. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli yarinyar, ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya karɓi sauran takardun ya shige ɗaki.

Da aka tashi na riƙe Mubina, na ja ta bayan ɗakin girki, na ba ta ruwa.

"Ba zan dake ki ba. Wa yake yi miki aikin waya?"

Ta ƙura wa ruwan da ke hannunta ido.

"Mamanki?"

Ta girgiza kai.

"Mubina."

"Kawu ne." Muryarta da ƙyar take fita. "Da tare muke yi. Sai ya fara tafiya da wayar wajen aiki. In ya dawo ya ce ai an riga an yi."

"Ya ce kar ki faɗa?"

"Bai ce ba. Ni ce ba na so ki yi fushi da shi."

Laraba da hantsi sabis ya dawo. Kafin in buɗe saƙonninsa guda shida da suka taru, manhajar na fara shiga. Akwai wani wuri da ban taɓa taɓawa ba, inda ake nuna lokacin da aka yi kowane aiki. Sha ɗaya da kwata. Sha ɗaya da rabi. Sha ɗaya da minti ashirin. Duk da safe, lokacin da Mubina take cikin aji a firamare. Kuma aikin da yaro yake gamawa a minti goma, shi sai ya kai minti arba'in, hamsin.

Wannan na biyun ban tsaya na yi tunani a kansa ba, don raina ya riga ya ɓaci. Abin da na fahimta kawai shi ne mutumin nan ya mayar da karatun marainiya tsanin hawa zuwa gare ni. Yana dangwala mata amsa don in ji daɗi, in riƙa yabon gidansu, in riƙa amsa saƙonsa. Na mayar da kaina abin dariya a gaban iyayen yara da gaban Baba.

Na tura masa: "Ka zo gobe bayan la'asar. Akwai magana."

Minti bakwai ya ɗauka kafin ya amsa, ina kallon alamar ya gani. Sai saƙon murya ya shigo. "To Malama, in sha Allahu. Lafiya dai ko? Na ji ki shiru kwana biyu, iskar nan ba ta yi muku ɓarna ba?"

Na kife wayar a kan katifa.

Alhamis babu Islamiyya, gidan shiru. Umma da ta ji zai zo ta dama fura da nono mai kyau, ta ciro min atamfata ruwan ganye da mayafinta, har da turaren wuta ta sa a zaure. "Ki saki fuskar nan, Yayarsu. Mutum zai turo manyansa kina masa kallon mai ciwon haƙori." Na sa kayan don kar ta yi zargi. Ko hoda ban shafa ba. Takardar Mubina na ɗauko daga ƙarƙashin katifa na riƙe a cikin mayafi. Baba ya tafi ta'aziyya Bunkure, sai magariba zai dawo.

Ya zo cikin farar shadda da hula ruwan toka, ya kafe babur a gindin darbejiya, ya yi sallama ya zauna a gefen tabarma kamar kullum. Ya ajiye leda, mangwaro ne a ciki. Muka gaisa sama-sama.

"Malama, yau kamar ba ke ba."

Na miƙa masa takardar. "Aikin Mubina ne na ran Litinin. Duba ka gani."

Ya karɓa. Ya kalli haruffa ukun nan.

"Wata huɗu, Malam Badamasi. Yarinyar da ba ta da uba, an ba ka amanarta, ni ma an ba ni. Sunanta ba ta iya ƙarasawa. Me ka ɗauke ni? Wadda za a saya da goma bisa goma?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Karanta tambaya ta uku ka ji abin da ta kasa. Karanta da ƙarfi, ka ji da kunnenka."

Na faɗa ne don in kunyata shi. Ban san me na taɓo ba.

Ya matso da takardar kusa da fuskarsa. Ya ɗora yatsa a farkon layin. Zufa ta tsattsafo masa a goshi, ga shi ko zafi ba a yi.

"A... Au... Audu." Ya tsaya. Yatsan ya matsa. "Ya... ya ta... tafi." Ya ƙara tsayawa, ya daɗe. "Wannan ban gane shi ba. Na waya a tsaye suke. Wannan a kwance yake, kuma a haɗe."

"Gona" ce kalmar. Audu ya tafi gona.

Na zauna ina kallon yatsan nan nasa, babba, mai kanta, a kan rubutun Baba. Sai lokacin minti arba'in ɗin nan suka dawo min. Da minti bakwai na jiya. Da saƙonnin murya na wata huɗu.

"Aji nawa ka yi?" na tambaye shi.

"Biyu." Bai ɗago ba. "Babanmu ya kwanta ciwo, shinkafa ta fitar da kai, babu mai korar tsuntsaye. Aka ce in je na sati biyu. Ban koma ba."

"Ka ce min ka yi makaranta."

"Na faɗa. Na san abin da za ki ɗauka, kuma na bar ki kika ɗauka. Wannan laifina ne."

Ya ajiye takardar a kan tabarma, ya shafe ta da tafin hannu kamar mai gyara riga.

"Ranar da kika fara turowa, Mubina ta taɓa hoton rago, wayar ta ce rago. Na ce ta ƙara taɓawa. Malama, shekarata talatin da ɗaya, ban taɓa samun abin da zan tambaya sau goma bai yi min dariya ba. A injin, in an kawo takarda cewa nake idona ne yake ciwo. Da farko tare muke yi da ita, wallahi. Sai ta gaji ta gudu wasa, in ƙarasa. Daga baya na ga in na zauna bayan buhuna lokacin da aka kashe inji, babu mai ganina. Na ce ai ita tana zuwa wajenki kullum, tana samu a can. Ni ba ni da wani wajen."

"Ba ta samu ba. Makinka ne ya rufe min ido."

"Yanzu na gani."

"Ka san abin da Baba ya yi wa wanda ya zo kafin kai?"

"Duk Kura an sani." Ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Shi ya sa nake sauri. Na ce kafin a gama yanka in iya ko da wasiƙa ce. In ya miƙo min abu in karanta, ko a hankali ne."

Ina so in ci gaba da fushi. Ina da dalili, har yanzu ina da shi. Yarinya ta yi asarar wata huɗu, jarrabawar ƙarin aji saura mako biyar. Ni ya sa na yi wa mahaifina ƙarya. Amma kuma ni ce malamar da ta yi wata huɗu tana kallon lamba a waya ba ta kalli yarinya ba. Kuma duk goman nan da nake alfahari da ita, ashe ta gaskiya ce, mai ita ne kawai ban sani ba. Mutum ya koya wa kansa karatu a bayan buhunan shinkafa saboda ni. Ku faɗa min, da wanne zan ji?

"Ka tafi," na ce. "Ka bar ni in yi tunani. Daga gobe Mubina za ta riƙa zuwa min tun ƙarfe ɗaya da rabi, da fensir, ni da ita."

"To. Malam fa?"

"Kar ka ce masa komai. Zan san yadda zan yi."

Ya miƙe, ya fita. Furar Umma ko taɓa ta bai yi ba. Na ce mata azumi yake. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko saurin fitowa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Yau Juma'a. Da safe ina shara Baba ya kira ni. Yana zaune a kan tabarma, takardun yara a gabansa, duk ya bi su da jan biro.

"Zauna, Muhsina. Yaranki ba su da laifi. Akwai shida da hannunsu yake buƙatar aiki, na ware su." Ya daidaita takardun. "Ashirin da biyu ne a nan. Kan yarinyar ya daina ciwo?"

"Da sauƙi, Baba."

"Alhamdu lillahi. Jiya a wajen ta'aziyya na haɗu da wanda ya riƙe sakandaren Bunkure shekara goma sha takwas, abokina ne. Na ce masa ɗalibinsa zai zama surukina. Ya ce sunan bai zo masa ba." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Amma tsufa ne, ni ma ina mantawa."

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannuna.

"Na yi tunani a kan wayar nan taki," ya ci gaba, muryarsa lafiya ƙalau. "Wataƙila ni ne na tsaya taurin kai. Tunda a wayarsa yarinyar take karatu, shi ya fi kowa sanin yadda abin yake. Na aika masa ya biyo nan in an sauko daga masallaci, ya taho da ita. Ta yi takardarta a gabana, shi kuma ya karanta mata tambayoyin. In na gamsu, na daina musu da ke."

Ban san ko ya gane ba ne, ko bai gane ba. Fuskar Baba ba ta nuna komai. Na shiga ɗaki na kira Badamasi sau biyar, wayar a kashe. Na san ran Juma'a a caji yake barinta a shago sai an sauko.

Umma tana can tana soya miya da zabuwa, tana 'yar waƙarta, ita a ganinta surukai ne za su gana. Baba ya dawo daga masallaci, ya sa an shimfiɗa babbar darduma a zaure. Na leƙa. Ya ajiye sabuwar takarda a tsakiya. Fensir biyu ne a kanta.

Ina tsaye a bayan labule na ji tsayuwar babur a gindin darbejiya. Wayata ta yi ƙara. Rubutu ne, ba murya ba, mafi tsawo da ya taɓa turo min.

"Na zo. Zan pada masa gaskiya da bakina."

Da sauri na rubuta: "Don Allah ka juya. Ka ce an kira ka a inji. In ka faɗa yau shi ke nan, ka ba ni mako ɗaya in shawo kansa ta wajen Umma."

Na tura. Alama ta nuna ya buɗe. Sai a lokacin na ga tsawon abin da na rubuta.

Na ɗaga labulen kaɗan. Yana zaune a kan babur, Mubina ta sauka tana riƙe da gefen rigarsa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar, bakinsa yana motsi. Yana kan layin farko.

Baba ya zura takalmansa, ya nufi ƙofa.